Lambar da Kawu Bai Taɓa Rubutawa Ba

Da muka dawo daga makabarta, tsakar gidan Kawu a Samaru ta cika maƙil, har wasu suna zaune a kan bulo a ƙofar gida. 'Yan zumuntar mata sun ɗauro zanensu iri ɗaya, sun jeru a gindin mangwaro suna waƙa ƙasa-ƙasa, ɗaya tana buga tulu. Ni kuwa ina tsaye a bakin madafa ina sauraron abin da masu gaisuwa ke faɗi.

Wani dattijon ikilisiya ya girgiza kai ya ce, "Kai, mun yi rashin mutum mai haƙuri."

Saura kaɗan in yi dariya. Kawu yana da kyawawan halaye da yawa, amma haƙuri ba ya cikinsu, kuma dattijon nan ya fi kowa sani, don sun sha kai ruwa rana a taron coci.

Wata mata ta dafa ƙirji ta ce ita wallahi ba ta ma san jikin ya yi tsanani ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu. Baba Fasto kuwa tun a coci ya sanar da jama'a cewa Ubangiji ya kira bawansa gida "bayan gajeruwar rashin lafiya." Gajeruwa! Ciwon da ya kwashe shekaru yana cin mutum da ransa, har ya karkace masa fuska, shi ne gajere.

Mutum ɗaya na ga yana kuka na gaskiya: wani tsohon masinja da suka yi aiki tare a asibiti. Ya rakuɓe a jikin katanga, hularsa a hannu. Da na kai masa ruwa sai ya ce, "'Yata, mutumin nan ya yi mini faɗa ya fi a ƙirga. Amma ban taɓa kwana ina tunanin ko akwai wata magana da ya ɓoye a cikinsa ba."

A bayana, cikin madafa, tukwane ne cike da shinkafa da tuwo. Matar Kawu, wadda muke kira Mama, ita da ƙawayenta na kasuwar Sabon Gari suka dafa tun da asuba. Mutanen unguwa sun ci, 'yan coci sun ci. Danginmu da suka zo daga ƙauye ba wanda ya taɓa. Suka aika aka sayo musu burodi a bakin titi, suka zauna suna ci da ruwa a gaban Mama. Ba wanda ya faɗi dalili, kuma ba wanda bai san dalilin ba.

Saboda waɗannan tukwanen nake rubutun nan. Tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an fara mai da Kawu wani mutum dabam, mai sanyi, mai shiru, wanda ya mutu mutuwar da ba a gane kanta ba. Ba haka yake ba, kuma ba haka ya mutu ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina ƙarama, shi ya je ƙauye ya ɗauko ni. Bai lallashe ni ba, bai ce mini komai zai wuce ba. Ya ɗaura ƙullin kayana a bayan kekensa, ya ɗora ni a kan ƙarfen gaba har tasha, ya ce, "In kina jin kuka ki yi, hanya ce, ba wanda ya san ki." Da muka iso Samaru ya miƙa ni ga Mama ya ce, "Ga 'yarki." Shi ke nan. Daga ranar ban taɓa jin wani a gidan ya kira ni 'yar riƙo ba.

Mutanen unguwa sun ɗauka aikinsa a asibiti miƙa kati ne ta taga. A ɗakin kati yake, gaskiya ne, amma aikinsa wani ne. Idan aka sallami maras lafiya, ko ya rasu, fayil ɗinsa yakan dawo ɗakin. A nan Kawu zai karanta abin da likita ya ce yana damun mutumin, ya buɗe wani ƙaton littafi da asibitocin duniya ke aiki da shi, inda kowace cuta take da lambarta, ya nemo lambar da ta dace ya rubuta a goshin fayil. Da waɗannan lambobin ake sanin abin da ke kwantar da mutane da abin da ke kashe su. Aiki ne na zama da ƙura da rubutun likitoci, ba mai gode maka. Kawu ya ɗauke shi kamar aikin alƙali.

Abin har ya biyo shi gida. In ka zo gaishe shi ka kuskura ka ce cikinka na ciwo, ka shiga uku.

"Ciki ai gari ne," zai ce. "Wace unguwa? Sama ko ƙasa? Dama ko hagu? Murɗawa yake ko zafi?"

Matan unguwa suka koyi ce masa lafiya lau ko da suna rawar ɗari. Yana da wata magana da yake yawan yi, musamman in ya ji an ce an yi wa wani jifa: "Ciwon da ba a sa masa suna ba, maƙwabci ake ɗora wa." Shayinsa ba sukari. Rediyonsa kullum a kunnen hagu. Ranar Lahadi shi ne muryar ƙasa a cikin mawaƙan coci, irin muryar nan da kake ji a ƙirjinka kafin ka ji ta a kunne, kuma in wani ya kauce daga waƙa sai ya juyo ya harare shi a gaban kowa.

Shi ya tura ni karatun aikin, ni ma na shiga ɗakin kati gab da zai yi ritaya. A lokacin ne aka kawo sabon littafi, mai lambobi masu farawa da harafi. Ya yi ta mita, wai an ɗauki cututtukan da ya sani tun yana saurayi an sake musu gidaje. A ofis ba ni da kawu. Akwai wata dabara da sababbin ma'aikata ke yi: in rubutun likita ya gagare ka, ko bayanin bai cika ba, sai ka ƙare lambar da ɗigo tara, ma'ana ba a fayyace ba. Halal ne, littafin ma ya yarda. Wata rana ya ɗauki tarin fayilolin da na gama, ya duba, ya dire mini su a tebur a gaban abokan aiki.

"Ɗigo tara, ɗigo tara, ɗigo tara. Wannan ai zauren raggwaye ne. Likitan da ya rubuta yana nan da ransa, ƙafarki ce ta karye?"

"Kawu, na je, an ce yana tiyata."

"A nan ba Kawu. Ki jira shi ya fito. Matar da ke da fayil ɗin nan ta mutu, ba za ta dawo ta faɗa miki abin da ya kashe ta ba."

Na yi kuka a bayan kantocin fayil. Na daina yi masa magana, a gida ma sai gaisuwa. Shi kuma bai nemi sulhu ba, don bai ga laifin da ya yi ba. Mama ce ta gaji da mu, ta haɗa mana abinci a kwano ɗaya ta ce wanda ba zai ci ba ya kwana da yunwa. Har yau ina ganin ya wuce gona da iri a ranar. Ba zan goge wannan ba don ya mutu.

Mama ba 'yar garinmu ba ce. Iyayenta daga kudu suka zo, a Sabon Gari aka haife ta, a nan ta koyi ɗinki, Hausa kuwa a bakinta kamar ta kowa. Amma a wurin yayar Kawu, wadda nake kira Inna Babba, sunanta bai taɓa wuce "'yar Sabon Garin nan" ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara da shekaru Inna Babba tana hura wa Kawu wuta ya sallame ta. Wata Kirsimeti da muka je ƙauye, ana cikin cin abinci, dangi cike da tsakar gida, ta sake ɗauko zancen, wannan karon a gaban Mama. Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Yaya, tunda a gaban mutane kika tambaya, a gaban mutane zan ba ki amsa. Likita ya duba mu mu biyu. Ita lafiyarta ƙalau. Matsalar a jikina take. In akwai wanda ya kamata a sallama, ni ne, ita ce ta yi haƙuri ta zauna."

Ban taɓa jin namijin da ya faɗi haka da bakinsa ba, kafin ranar ko bayanta. Ya ɗauki lomarsa ya ci gaba da ci. Inna Babba ta tashi ta shige ɗaki, daga ciki muka ji tana cewa, "An gama da shi. Ba bakinsa ba ne wannan." Tun daga ranar ta yanke wa Mama hukunci, jiran laifin kawai take.

Kunnensa na dama tun yana yaro yake ruwa. Yakan yi ya daina. Shi ya sa rediyo ke hagu, shi ya sa in za ka yi masa magana yakan juyo maka da ɓangare ɗaya. Ya saba da shi kamar yadda ake sabawa da ƙofar da ke ƙara. Bayan ya yi ritaya sai abin ya sake hali. Ruwan ya daina ɗaukewa, ya fara zuwa da jini-jini, ga wari, ga wani ciwo da ke sa shi ya dafe gefen kai ya yi shiru a tsakiyar magana. Yana zuwa wani ɗan asibitin kuɗi, su wanke kunnen, su rubuta masa maganin ɗigawa, ya dawo. In wannan ya ƙare su sake masa wani. Ba su taɓa ce masa ya wuce gaba ba, shi kuma bai nema ba.

Na ce, "Kawu, mu je babban asibitinku na Shika likitan kunne ya duba ka."

"In je in bi layi a gaban yaran da na koya wa aiki? Na san abin da ke damuna. Tsohon ruwan kunne ne, lamba ɗari uku da tamanin da biyu. Na rubuta wa mutane shi ya fi dubu."

"Na mutane ba ya jini haka."

"Ke likita ce?"

"Kai ma ai ba likita ba ne, Kawu."

Ya harare ni, ya ƙara muryar rediyo. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya hana kowa zama da ciwon da ba a bincika ba, shi ne ya ba nasa lamba da kansa ya rufe littafi. Ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ban san ranar da zan daina ba.

Amma haushin da nake ji na mutane ya fi. A coci muryarsa ta fara kaucewa, don ba ya jin na kusa da shi. Waɗanda ya sha harara suka samu abin da suke jira. Ba wanda ya zo ya ce, Baba, me ke damunka? Aka dai aiko masa dattijon nan mai zancen haƙuri, ya ce ikilisiya ta ga ya kamata ya huta, a bar wa matasa. Ya koma cikin jama'a. Sai bencin da yake zama ya fara yin fili, saboda warin. Wata Lahadi mai tsaron ƙofa ya tare shi da fara'a ya nuna masa kujera ɗaya a bakin taga, wai ya fi iska. Kawu ya dubi kujerar, ya dubi mutumin, ya je ya zauna. Mama ta tashi daga cikin mata ta ɗauko wata kujera ta ajiye a gefensa na dama, ɓangaren ciwon, ta zauna. Haka suka riƙa yi har ya daina iya zuwa. A unguwa kuma aka ce ya yi girman kai, ana gaishe shi ba ya amsawa.

Wata safiya yana shan shayi sai muka ga shayin yana zubowa ta gefen bakinsa. Ɓarin fuskarsa na dama ya saki, idon ba ya rufuwa. Ya taɓa kumatunsa, ya ce a miƙo masa madubi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Samo mota."

A Shika aka leƙa kunnen, aka ɗauki hoto, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito mu uku muka shiga. Likitar matashiya ce, mai natsuwa. Ta fara kewaye-kewaye, tana neman inda za ta sauke maganar a hankali. Kawu ya ɗaga mata hannu.

"Likita, a ɗakin kati na tsufa. Faɗa mini sunansa."

Ta ce, "Baba, ciwon daji ne. A can cikin kunne ya fara, bayan dodon kunne, wurin da muke kira kunnen tsakiya. Ya ci ƙashi, ya taɓa jijiyar fuska. Ba a cika ganinsa ba, kuma yakan ɓuya a bayan tsohon ruwan kunne, shi ya sa ake daɗewa ba a gane shi ba."

Mama ta kama hannuna ta matse. Kawu ya ɗaga ido ya kalli silin. Can sai ya juyo gare ni, da karkataccen bakinsa ya ce, "A tsohon littafi ɗari da sittin ne, ɗigo ɗaya. A naku fa?"

Na ce, "C talatin, ɗigo ɗaya."

"Har yanzu tare da hanci suka ajiye shi?"

"Tare suke, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Duk shekarun da na yi, kullum ina wuce lambar nan a shafi. Ban taɓa rubuta wa kowa ita ba, ko sau ɗaya. Ashe ni take jira."

Ciwon ya riga ya wuce a yi masa tiyata. Aka yi masa gashi da na'ura, ya ɗan samu sauƙi, abin ya dawo da ƙarfinsa. Daga nan sai jinya, kuma jinyar Mama ce ta yi. Ta rufe shagonta na kasuwa. Ita ke wanke wurin safe da yamma, ta sa auduga, ta naɗe. Ita ke ɗiga masa ruwa a idon da ba ya rufuwa, ta dama kunu ta ba shi da ƙaramin cokali ta ɓangaren da ke aiki. Ni in na dawo daga ofis in karɓe ta, amma ba na iya daɗewa a ɗakin ban fita na shaƙi iska ba. Ita ban taɓa ganin ta toshe hanci ba. Masu zuwa dubiya suka koma tsayawa a bakin ƙofa, daga baya suka koma aiko da gaisuwa, daga baya gaisuwar ma ta ɗauke.

Ana cikin haka Inna Babba ta iso daga ƙauye. Ta shiga ɗakin, ta ga ƙaninta, ta fasa ihu. Kukanta na gaskiya ne, ba zan yi mata ƙarya ba. Ita ta goye shi yana jariri. Amma da ta share hawaye sai idonta ya sauka a kan wani kwando a ƙarƙashin gado. Ƙananan kwalaben maganin ɗigawa ne, na shekarun baya, waɗanda Mama ba ta zubar ba don Kawu ba ya yarda a jefar da abin da ke da rubutun magani. Inna Babba ta jawo kwandon ta zazzage a ƙasa.

"Duk wannan a kunnensa kika zuba?"

"Yaya, asibiti suka rubuta masa."

"Wa ya gani? Wa ke wurin in kina zubawa? Mutum da ruwan kunnensa tun yana yaro bai kashe shi ba, sai da hannunki ya shiga?"

Kawu ya yunƙura daga kwance. Yana so ya yi irin tsawar nan tasa, amma harshen ya riga ya yi nauyi, maganar ta fito a dagule, miyau na zuba. Ni da Mama mun gane abin da yake cewa. Cewa yake ciwon daji ne, a bar matarsa. Inna Babba ta juya ga waɗanda suka rako ta ta ce, "Kun gani? Har bakin an ɗaure."

Na ga hawaye na gangarowa daga idonsa mai lafiya. Mutumin da duk rayuwarsa ba a taɓa rasa gane abin da yake nufi ba. Da suka fita ya kama bakin zanena ya jawo ni kusa. Sai da ya maimaita kafin na ji. "Ki faɗa musu sunansa. A gaban kowa."

Ya rasu a asibiti da hantsi, kansa a kan cinyar Mama, tana goge masa goshi.

Bayan kwanakin makoki dangi suka zauna a falo, aka kira Baba Fasto ya zama shaida. Ba a fito an ce Mama ta kashe shi ba. Cewa aka yi akwai abubuwan da ba a gane ba, kuma hankalin dangi bai kwanta ba. Mama tana zaune a ƙasa cikin baƙaƙen kaya, kanta a sunkuye. Na miƙe. A gidanmu mace ƙarama ba ta magana a irin wannan zama.

Na ce, "Iyayena, ku gafarce ni, saƙon mamaci ne. Kawu ya ce in faɗa muku abin da ya kashe shi. Ciwon daji ne na cikin kunne. An yanki naman an gwada, ina wurin likita ta faɗa. Ba a zuba shi, ba a ɗiga shi, ba hannun kowa a ciki. Ciwo ne sananne, yana cikin littafin da Kawu ya yi aiki da shi, da sunansa da lambarsa."

Inna Babba ta ce, "Daji a kunne? Na nono mun ji, na mahaifa mun ji. Ke da kike aiki a can, mutum nawa kika taɓa gani da shi?"

Da zan iya ƙarya da na ce da yawa. Amma a hannun Kawu na tashi. Na ce, "Shi kaɗai."

Ta tafa hannu. "To, kun ji. Duk Zariya shi kaɗai. Kuma a ce haka kawai."

Na dubi Baba Fasto. Ya san gaskiya, don Kawu da kansa ya gaya masa tun maganarsa tana fita. Ya gyara zama ya ce abin da ya ɓoyu ga mutum bai ɓoyu ga Allah ba, a bar wa Ubangiji shari'a, a zauna lafiya. Da ya ce ba ta yi ba, da an ji maganarsa. Bai ce ba. Na dubi ɗan Inna Babba, wanda ya yi karatunsa na jami'a a gidan nan, Mama tana dafa masa tana wanke masa kaya, yanzu kuma yana koyarwa. Ya sunkuyar da kai yana latsa sabuwar wayarsa. Bayan an tashi ya same ni a bayan gida ya ce, "Na san gaskiya kika faɗa. Amma uwata ce, me kike so in yi?"

Ba wanda ya kori Mama. Ba a bukatar kora. Matan dangi suka daina amsa gaisuwarta, in ta taɓa moɗa sai a ɗauraye, maganar ta fita unguwa, ta shiga coci. Matar da muke katanga ɗaya ta hana jikokinta shigowa. Wata safiya ƙanin Mama ya zo da a-kori-kura daga Sabon Gari, ya tsaya a ƙofar gida ko sallama bai yi ba. Ta ɗauki keken ɗinkinta da akwatinta da rediyon Kawu. Na ce ta tsaya, gidan mijinta ne, ba mai ikon fitar da ita. Ta ce, "'Yata, na yi jinyar mutum ɗaya, ba ni da ƙarfin jinyar gari."

Da na koma aiki na tarar da fayil ɗinsa cikin tarin da ke jirana. Abokiyar aikina ta gani ta ce in ba ta ta yi. Na ce a'a. Na karanta shi daga farko har ƙarshe kamar yadda ya koya mini, na buɗe littafi na tabbatar, ko da yake na sani, sannan na rubuta. Lambar ta tafi inda lambobi ke tafiya, ta shiga lissafin shekara, ba wanda ya yi mata gardama. A falon gidanmu ne kawai ba ta da daraja.

Yanzu Mama tana wani ɗaki a bayan shagon ƙaninta, wajen Jushi. Ta koma ɗinki. Ta sake coci. Ranar Asabar nakan hau mota daga Samaru in je in yini a wurinta. Ba ta zagin kowa, ni ce mai zagin, ita ta ce in bari. Na ɗauka ta fi ni ƙarfin zuciya ne, sai ranar da na gane inda maganar Inna Babba ta je ta kwanta.

Tana cikin ɗinki ta tsayar da keken, ba ta dube ni ba ta ce, "Akwai wani magani mai jan murfi da na taɓa sayowa a kemis, ranar da na asibitin ya ƙare. In na ɗiga masa yakan ce yana yi masa zafi. Ke da kika san aikin, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ba shi ba ne?"

Na ce, "Mama, ba shi ba ne. Ba maganin da ke kawo wannan ciwon."

"Ko da na ɗiga da yawa?"

"Ko da kin juye kwalbar duka."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da taka keken. Na ɗauka an gama. Asabar ta gaba ta sake tambaya. Ta bayanta ma haka. Wani lokaci jan murfin ne, wani lokaci audugar, wani lokaci ruwan ɗumin da take wanke wurin da shi. Matar da ta zauna a gefen da kowa ya gudu, yau ita ke binciken hannuwanta.

Wannan ne ban yafe ba. Ana ce mini Kirista ba ya riƙo, na ji, ina kuma roƙon Allah ya kawo ranar. Ba ta zo ba tukuna.

Kawu, Ubangiji ya ba ka hutawar da ba ka samu a hannunmu ba. Na isar da saƙonka a gaban kowa, ba su karɓa ba. Wadda ta rage mini in gaya wa ita ce matarka, kuma zan ci gaba da gaya mata duk Asabar, har ranar da za ta yarda.